Bandikut ɓera ne ko dangin kangaru?

Hauwa_Bio: Assalamu alaikum. Ina haɗa jadawalin rabe-raben dabbobi, sai na ga littafi ɗaya ya sa bandikut cikin ɓeraye, wani kuma ya sa shi cikin dabbobi masu jakar goyo. Wanne ne daidai, kuma yaya zan rubuta sunansa na kimiyya?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Duka biyun ba su yi kuskure ba, dabbobi biyu ne ke amsa suna ɗaya. Na Indiya ɓera ne na gaske, jinsin *Bandicota*, dangin Muridae. Na Ostareliya da Niyu Gini kuwa mai jaka ne, rukunin Peramelemorphia, wanda ya ƙunshi dangi uku: Peramelidae, da Thylacomyidae na bilbi (mai jaka mai dogayen kunnuwa kamar zomo), da Chaeropodidae da suka ƙare a duniya. Turawa ne suka ɗauko sunan daga Indiya suka liƙa wa na Ostareliya don kamannin jiki. Ki rubuta sunan, misali *Perameles nasuta* (wani nau'in bandikut na Ostareliya), a karkace, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami.

Dr. Binta: Ƙari kan bayanin Malam, rarraba bandikut masu jaka ya daɗe yana wahalar da masana. Haƙoran gabansu da yawa ne, uku a kowane gefen muƙamuƙin ƙasa, irin na masu jaka maciya nama. Amma yatsa na biyu da na uku na ƙafar baya a manne suke, kamar na kangaru. In ka bi haƙori su faɗa gida ɗaya, in ka bi ƙafa su faɗa wani, shi ya sa aka ba su rukuninsu daban.

Ki kula da baka, wato alamar ( ) da ake sa wa sunan masanin da ya raɗa sunan da shekarar. *Isoodon obesulus* (Shaw, 1797) ana sa sunan Shaw cikin baka ne domin *Didelphis obesula* ya fara kiransa, daga baya aka sauya masa jinsi. *Perameles nasuta* Geoffroy, 1804 ba ya ɗaukar baka, tunda bai taɓa barin jinsinsa ba. Ɗalibai na yawan sa baka ko'ina, kuskure ne.

Malam Sani: Kuma kada ki dogara da tsohon littafi wajen ƙidaya nau'o'i. A 2019 aka raba *Chaeropus*, jinsin dangin Chaeropodidae, gida biyu, aka samu *Chaeropus yirratji* ban da *ecaudatus* da Ogilby ya raɗa wa suna a 1838. Ki duba shekarar bugu kafin ki cike jadawalin.