Neman kalmar Hausa: me za mu kira floating a harkar canjin kuɗi?

Nafisa: Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Gobe da hantsi za mu naɗi shiri a rediyo kan tarihin kasuwar canjin kuɗin waje, na gama komai sai abu ɗaya da ya tsaya min a wuya, floating exchange rate, wato gwamnati ta cire hannu ta bar darajar kuɗinta tana hawa tana sauka. Kishiyarsa fixed ma ina so, don dole in yi bayanin taron Bretton Woods na 1944 inda ƙasashe 44 suka yarda a ɗaure kuɗaɗensu da dalar Amurka, ita kuma dala a ɗaure ta da zinare, dala 35 kowane oza, har 15 ga Agusta 1971 da Shugaba Nixon ya ce sun daina ba da zinare a madadin dala. Masu sauraronmu yawanci mutanen Gwadabawa ne da Wurno da Illela, ba na son kalmar da ita ma sai an fassara ta.

Kabiru: Farashi mai shawagi. Kishiyarsa tsayayyen farashi. An gama.

Aminu: Shawagi kuma sai ka ce jirgin sama. Ni dai abin da nake ji a labarai tun Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin dala wuri ɗaya shi ne "an bar kasuwa ta yi halinta", kowa ya gane.

Nafisa: Yaya Aminu wannan ai jimla ce, ni suna nake nema da zan ta maimaitawa cikin shiri ba tare da numfashina ya ƙare ba.

Alhaji na Illela: Ɗiyata ba sai kin sha wahala ba. Mu nan bakin iyaka da muka canjin naira da sefa kullum, cewa mukai sefa turke take, naira ko an sake ta. Ita sefa ga yuro anka turke ta, yuro guda sefa 655.957, ba ta motsi sai yuro ya motsa, da can ga kuɗɗin Faransa take. Ko 1994 da anka karya darajarta rabi cikin watan Janairu, turken anka gusa ba kwance ta anka yi ba. Ki ce turkakken farashi da sakakken farashi, duk mai akuya gida ya gane.

Nafisa: Baba Alhaji Allah ya ƙara arziki, wannan ya zauna min.

Malam Umaru: Ku dakata. Kuna ta gini bisa ruɓaɓɓen tushe. Ita kalmar canji da kuka ta maimaitawa Hausa ta? Ba Hausa ba ta, ta Bature ta. Muna da hurhure tun kaka da kakanni. Hurhuren kuɗɗi, shi na daidai, mai yi kuma ɗan hurhure. Shekara da shekaru ina faɗin wanga zance ba mai saurare, yanzu kuma za a hau rediyo a ƙara dasa ma yara canji.

Aminu: Malam Allah ya ƙara lafiya, amma hurhure ai kaya da kaya ne, ka ba da tsohon babur a ba ka sabo ka yi ciko. In Nafisa ta ce kasuwar hurhure ta duniya da ake juya dala tiriliyan 7.5 a rana, kamar yadda ƙididdigar 2022 ta nuna, mutane za su ɗauka 'yan gwanjo ake nufi.

Malam Umaru: To kuɗɗi mi na na in ba kaya ba? Ita kanta kalmar kuɗɗi jam'in wuri ta, wurin nan na teku da kakanninmu sunka yi ciniki da shi. Wuri kaya na, dala kaya ta.

Ustaz Bashir: In asali ake nema to malamanmu sun rigaye mu, a fiƙihu sarfu ake ce masa, zinare da azurfa, kuma sharaɗinsa hannu da hannu a majalisi ɗaya. Duk wanda ya zauna zaure a garin nan ya san babin. Me zai hana a ce kasuwar sarfu?

Kabiru: Ustaz wato mu tsere wa Turanci mu faɗa Larabci. Sannan Malam da girmanka, a daidaitacciyar Hausa furfure ne ba hurhure ba. Ka je Wapa a Kano ka ce kana neman ɗan hurhure ka ga ko akwai mai ɗaga kai ya dube ka. 'Yan canji kowa ya sani, daga Wapa har Zone 4 a Abuja.

Malam Umaru: Na san za a rina. Kabiru, wa yad daidaita ta? Turawa sunka zauna sunka ɗauki Kananci sunka ce shi na daidai, ku kuma kunka hau kai kunka zauna. Tun ba a san boko ba Nana Asma'u ke rubuta waƙoƙi da Hausa cikin ajami ƙasar ga. Yaro ba ya koya min harshen uwata.

Kabiru: Tuba nake Malam. Amma fansho ɗinka ta banki yake zuwa, gwamnati ke biya, kuma a rediyo ka ji sanarwa, ukun nan wanne ne na kaka da kakanni?

Malam Umaru: Waɗanga ba mu da madadinsu shi ya sa. Wanda muke da nashi ba mu aro.

Ustaz Bashir: A yi haƙuri a bar maganar Kano da Sakkwato, ba ta ƙarewa.

Nafisa: Jama'a dare na yi, ni fa gobe ne.

Aminu: Mu koma kan aiki. Nafisa ki kula da abu ɗaya, kar ki ce daga jawabin Nixon sai aka saki kuɗaɗe gaba ɗaya. A Disamba 1971 sun sake gwada ɗaurewa a taron Smithsonian, aka mayar da oza dala 38, bai riƙe ba, sai Maris 1973 manyan ƙasashe suka haƙura suka saki. Shekarar ce ma aka fito da naira a Janairu, naira biyu fam ɗaya, kuma gwamnati ce ke yanka mata farashi har 1986 zamanin Babangida da aka buɗe kasuwar gwanjon dala, 'yan canji masu lasisi kuma sai 1989. Abin da ya dame ni da sakakke shi ne kusan ba ƙasar da ke saki ta juya baya, babban banki yana nan yana leƙe, in abu ya yi nisa ya zuba dala ko ya kwashe. Ko Amurka a 1985 sai da ta tara Japan da Jamus ta Yamma da Faransa da Birtaniya a otal ɗin Plaza suka haɗa hannu suka sauko da dala. To wannan na tsakiya shi ma yana son suna.

Alhaji na Illela: Wanga ai ɗaurin talala na. Igiya na da tsawo, tana kiwo, amma tana wuya.

Aminu: Shi ke nan Alhaji ya kashe bakin kowa.

Kabiru: Talala na yarda. Amma sakakke da sauran magana, ranar da ta ce sakakkiyar naira a iska mata za su ɗauka shirin zawarawa aka fara.

Nafisa: Haba Yaya Kabiru. Amma ka yi gaskiya, ba zan jingina shi da naira ba, farashi kawai. Ga abin da na rubuta: turkakken farashi, sakakken farashi, ɗaurin talala, in na zo 2023 in ƙara da an bar kasuwa ta yi halinta. Canji kuma zan bar shi yadda yake, Malam ka gafarce ni, shi mutane suka sani. Sai dai ban san ko shugaban sashenmu zai bar turkakke ba, shi ma mutumin tsayayye ne.

Malam Umaru: Turke da talala Hausa ta tsantsa, ba ni da ja. Canji dai ban yarda ba kuma ba ni yarda. Ko sau guda ki ce hurhure cikin shirin, in kin ƙi ke kis sani.

Nafisa: Zan sa shi wurin bayanin zamanin wuri Malam, in minti ya isa.