Zamanin dish ya wuce? Gardamar 'yan gida kan talabijin ɗin Hajiya

Auta: Salamu alaikum. Tunda talabijin ɗin Hajiya ta mutu, shawarata a sayo Smart TV, wato talabijin mai shiga intanet, a sauke dish ɗin nan daga kan rufi. Zamaninsa ya wuce. Finafinan Hausa masu dogon zango yanzu a YouTube ake sakinsu, karatun malamai ma duk yana can.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Auta, wa zai riƙa sayen datar? Netflix da kansu sun ce kallo da hoto tangaran yana cin har 3GB a awa ɗaya. Talabijin ɗin Hajiya kuwa daga azahar har goman dare a kunne take. Kuma ka manta a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari?

Auta: Yaya, ai dish ma duk wata ake biya, kuma kwanakin tafiya suke ko an kawo wuta ko ba a kawo ba.

Kawu: Kai yaro, dish iri biyu ne. Na gidan yayata Hajiya na kyauta ne, tunda aka sayi risiba ba a ƙara biyan ko sisi ba. Arewa24 tun 2014 take zuwa a kansa, ga Sunnah TV, ga tashar Harami mai nuna ɗawafi dare da rana. Da azumi a nan take bin tarawihin Makka, carbi a hannu. Me za ka ba ta a madadin wannan?

Auta: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma da damina fa? Hadari na haɗowa hoton ya fara kakkaryewa.

Yaya Babba: Ruwan na tsayawa yake dawowa. Intanet ɗin unguwar nan kuwa kullum da daddare rarrafe yake.

Anti: Ni jikokin da ke wuni a gidan nake ji. A YouTube bidiyo na ƙarewa wani yake hawa da kansa, babu mai sanin inda zai kai yaro. Sannan Hajiya ta haddace lambobin tashoshinta a rimot. In aka ce sai ta rubuta suna ta nemo, kullum sai ta jira wani.

Auta: Akwai YouTube Kids, Anti. Ni dai ban yarda a sayi abin da zai zama tsohon yayi ba.

Yayan Kaduna: Ba sai an sauke komai ba. Duk talabijin mai ramin HDMI, wato wurin jona na'ura, in ka soka mata 'yar na'urar kallo ta intanet irin Fire Stick ko akwatin Android ta zama Smart. Auta, ranar da kake gida ka haɗa da datar wayarka.

Kawu: To, dish yana nan inda yake. Babba, gobe ka shiga Sabon Gari ka tambayo farashin mai inci 32, ka tabbatar tana da ramin nan biyu.