Tearing a bidiyo: yagewa, tsagewa ko gocewa?

Jama'a ku zo mu tsayar da magana kan wannan tearing ɗin, don kowa da yadda yake kiransa, mai neman taimako ya ce "hotona ya lalace" mai amsawa kuma ya yi ta ba shi maganin wata cuta daban.

Ga abin da ake nufi tukun. Kana kallo a VLC ko wata fileya, wato manhajar kallon bidiyo, a kwamfuta, kyamara ta juya gefe da sauri, sai wani layi ya ratsa hoton a kwance, sama ta yi gaba ƙasa ta tsaya a baya, kafin ka kifta ido ya ɓace ya kuma dawo. Dalilin shi ne monita daga sama take zana hoto zuwa ƙasa, yawanci sau 60 a daƙiƙa, shi kuma katin hoto, wato ɓangaren kwamfutar da ke haɗa abin da za a nuna a allo, yana miƙo mata firem (hoto guda daga jerin hotunan bidiyon) a nasa lokacin, to idan sabon firem ya iso tana tsakiyar zana tsohon sai kawai ta ƙarasa da sabon, rabi tsoho rabi sabo kenan a allo ɗaya.

Wasu sun ce yagewar hoto, wato fassara kai tsaye. Ba laifi amma ni dai bata kwanta min ba, abin da ya yage ya yage kenan sai ɗinki, nan kuwa fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, ka kai shi wata kwamfutar ya yi wasai. Duk wanda ya ji yagewa sai ya goge bidiyon ya sake saukewa, datarsa ta tafi a banza matsalar na nan.

Tsagewa kam a cire ta gaba ɗaya. Ka ce wa mai gyara hotona ya tsage, wlh sikirin zai fara dubawa.

Ni na tsaya kan gocewar hoto. Kamar gocewar ƙashi ne, babu abin da ya karye, gaɓa ce ta bar wurinta kuma ana mayarwa ta zauna. Kuma da mutum ya ji kalmar ya san gyaran na daidaitawa ne: a kunna V-sync a saitin katin hoto, NVIDIA ne ko AMD, don ya tilasta wa katin ya jira monita ta gama zane kafin ya miƙo wani, ko a shiga Preferences na VLC wurin Video a canza Output, idan yana kan Direct3D11 a gwada OpenGL, a rufe fileyar a sake buɗewa don wani lokacin baya kamawa sai an yi hakan.

Wani ɗan uwa ya ce ai gocewa ta yi faɗi da yawa, sauti ma yana gocewa daga bakin mai magana. Gaskiyarka malam, shi ya sa dole a haɗa da hoto, waccan kuma gocewar sauti ce, kowacce da sunanta.

Abin da nake roƙo kawai kar a zuba komai cikin gocewa. Idan hoton ya farfashe ya zama ƙananan akwatuna, ko ya koma kore ko toka-toka musamman bayan ka ja bidiyon gaba, wannan dagulewa ce, daga wurin warware bidiyon take, galibi a fayil masu nauyi irin HEVC, a nan sai a je Input / Codecs a kashe Hardware-accelerated decoding a gani. Idan kuma zara-zaran layuka ne a gefen duk abin da ke motsi, tsohon tsarin talabijin ne mai aiko rabin layuka sannan rabi, danna harafin D na kibod a VLC ya kunna deinterlace mai haɗe layukan shikenan. Wanda hoto ke tsayawa sauti na tafiya kuwa cijewa ce, wannan tuni mutane ke faɗinta.

Toh gocewar hoto dai, sai in wani ya zo da wadda ta fi ta. V-sync ɗin ne yanzu bashi da suna, ni ina tunanin jiran monita, me kuka gani?