Unguwarmu ta rabu gida biyu, ta ina ake fara gyara?

Mai_Neman_Shawara:
Salam jama'a. Ni da maƙwabcina shekara 12 muna tare lafiya lau, tunda muka yi musun siyasa a guruf ɗin WhatsApp na unguwa shikenan ko gaisuwa ta gagara, in ya hango ni sai ya sunkuyar da kai ya shige gida, yaranmu ma an raba su, kuma abin da ya fi ci min rai wallahi mutumin nan shi ya kai mahaifiyata asibiti da tsakar dare lokacin da ba na gari. Ba mu kaɗai ba ne, kowa ya ja nasa. Dan Allah ya zan yi?

Tsohon_Malami:
Ɗana, surutu kaɗai ba ya haɗa mutane, aiki tare ke haɗawa. A 1954 wani masani Muzafer Sherif ya tara yara maza 22 a wani sansani a Oklahoma ta Amurka, aka raba su biyu aka sa su gasa, kan ka ce kwabo sun fara zage-zage har da ƙona tutar juna. Aka zaunar da su cin abinci tare, sai ma suka koma jifa da abincin. Sai da aka toshe musu ruwa da gangan, sannan motar ɗauko abinci ta ƙi tashi dole suka haɗu suka ja ta da igiya, a nan gabar ta fara sanyi. Ku nemi matsalar da ta dami kowa a layinku, ko kwata ce ta toshe, ka ƙwanƙwasa masa ƙofa ka ce zo mu gyara.

Maman_Biyu:
Ɗan uwa ka tuna Aus da Khazraj fa, sun zubar da jinin juna a yaƙin Bu'as 'yan shekaru kafin hijira, amma Annabi (SAW) ya zo Madina a 622 suka zama abu ɗaya. Kuma ya hana mutum ƙaurace wa ɗan uwansa sama da kwana uku, wanda ya fara sallama shi ya fi. Kai ka fara mana, ba faɗuwa ba ce.

Dogon_Tunani:
Duk na yarda amma kar a rufe ciwo da ruɓa a ciki. Ruwanda bayan kisan 1994 ba cewa kawai suka yi a manta ba, kotunan al'umma da ake kira gacaca suka kafa, mai laifi ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya aikata. To kai malam me ka rubuta masa a guruf ɗin?

Mai_Neman_Shawara:
Gaskiya ni na fara, na ce masa an saye shi da kuɗi, a gaban kowa. Tun ɗazu nake karanta saƙon ina jin kunya. Gobe da safe in sha Allah zan tare shi kafin ya fita aiki, kuma a guruf ɗin zan janye maganar tunda a can na yi ta.