Neman kalma: me za mu kira aikin da likitoci ke cewa "hip replacement"?

Assalamu alaikum. Na kawo wannan tambaya ne saboda wani kuskure da na tafka da bakina. Gwaggona da ke Ƙofar Marusa ta shekara uku tana salla a kan kujera, domin zaman tahiya ya gagare ta, kuma ko takalmi za ta saka sai jika ta durƙusa ta zura mata. Da muka je ganin likitan ƙashi ya ɗaga hoton mahaɗar cinyarta a gaban fitila, ya nuna mana inda guringuntsi ya cinye har ƙashi yana gugar ƙashi, sannan ya faɗi sunan aikin da Turanci. Ni ne tafinta, sai na ce mata, "Gwaggo, dashen ƙugu za a yi miki." Ta yi shiru, ta gyara mayafi, ta ce, "Ɗan nan, ƙashin wa za a ciro a sa mini?"

Tambayarta ta isa hujja a kan kalmar dashe. Mun saba jin dashen ƙoda da dashen ɓargo, inda ake ɗauko abu mai rai daga jikin wani, kamar yadda ake cire irin albasa a dasa a wani fage ya kama. A wannan aiki babu mai bayarwa, kuma abin da ake sakawa ba ya tsiro. Likita yana yanke kan ƙashin cinya, wato ƙwallon nan da ke juyawa cikin gurbinsa, ya cusa ƙarfe mai tsini cikin ramin ɓargo kamar yadda maƙeri ke shigar da ruwan gatari cikin ƙota, ya ɗora sabon ƙwallo na ƙarfe ko na tangaran a kansa, sannan ya kankare gurbin ya shimfiɗa masa ƙoƙo mai santsi na roba mai tauri. Wani lokaci akan kafa ƙarfen da wani irin siminti na ƙashi, wani lokaci kuma a bar ƙashin ya kama shi da kansa. Tsarin da ake bi yau ya samo asali daga aikin likitan ƙashi Sir John Charnley a asibitin Wrightington da ke Ingila, a 1962.

Abin da jama'a ke faɗa a layin Asibitin Ƙashi na Dala da kuma nan Katsina shi ne "an sa masa ƙarfe". Ba na raina wannan magana, amma tana haɗa abu biyu da bai kamata a haɗa ba. Wanda ya karye aka ɗaure ƙashinsa da faranti da kusoshi shi ma an sa masa ƙarfe, sai dai nasa ɗori ne: ƙashinsa zai haɗe, wataƙila ma a cire ƙarfen daga baya. Wanda aka sauya wa gaɓa kuwa da ita zai zauna, kuma akwai dokokin da zai kiyaye a makonnin farko, kamar guje wa tsuguno da harɗe ƙafa da zama a kan tabarma ko kujerar tsuguno, don kada sabon ƙwallon ya goce. A gidan da bayan gidansa na tsuguno ne, rashin bambance waɗannan biyu yana iya mayar da mutum ɗakin tiyata.

Sai maganar wurin. Ƙugu ya yi faɗi da yawa; a nan ake ɗaura zani, kuma mai ciwon baya ma ƙugu yake cewa. Kwankwaso ya fi karkata ga ƙasan baya. Kalmar da na ji dattawa suna nufin ainihin mahaɗar cinya da ita ita ce kwatangwalo, kuma wani dattijo mutumin Daura da na tuntuɓa, wanda ya gaji ɗori daga mahaifinsa, da na ambace ta sai ya dafa daidai wurin ba tare da na nuna masa ba.

Saboda haka shawarata ita ce "sauyin gaɓar kwatangwalo", a taƙaice "sauyin kwatangwalo". Na fifita sauyi a kan musanya domin musanya ba-ni-in-ba-ka ce, ta sake dawo da tsoron Gwaggo. Maye gurbi daidai ne a ma'ana, amma ya yi nauyi a baki, kuma za mu buƙaci kalmar gurbi ga ramin kansa. Wani amfanin sauyi shi ne yana karɓar rabe-raben da likitoci ke yi: cikakken sauyi idan an canza ƙwallo da gurbi, rabin sauyi idan ƙwallon kaɗai aka canza, kamar yadda akan yi wa tsohon da ya faɗi wuyan ƙashin cinyarsa ya karye, sai kuma sabunta sauyi idan na farko ya gaji. Yakan gaji kuwa, ko da yake da yawa suna kai shekara 15 zuwa 20, wasu ma su wuce.

Kada a ɗauka maganar tsofaffi ce kaɗai. Masu amosanin jini, waɗanda suke da yawa a ƙasar nan, jini kan daina isa kan ƙashin cinyarsu har ya mutu ya ruguje, sai ka ga budurwa 'yar shekara 20 tana ɗingishi ana ta kai ta wurin masu ɗori. Iyayenta suna buƙatar suna da za su fahimta kafin su sa hannu a takardar amincewa.

Abin da ya rage mini shi ne sunan ramin. Na yi amfani da gurbi, na kuma ce ƙoƙo ga abin da ake shimfiɗawa a ciki, amma na tabbata mahauta suna da nasu sunan, tun da kullum suna ɓalle cinyar saniya daga wannan wuri. Duk wanda ke da mahauci a gida ko a unguwa, ina roƙon ya tambayo mana, ya kuma faɗa mana garin da aka ji kalmar.