Neman kalma: me za mu kira drainage a maganar dashen inabi cikin laka?

Mai shirya takarda:
Assalamu alaikum malamai. Ana shirya 'yar takarda da Hausa don masu son dasa inabi a lambun gida nan Sakkwato, musamman waɗanda filinsu laka ne irin na gefen fadamar Rima. Kalma ɗaya ta ƙi zama: drainage. An sa "magudanar ruwa", sai jimlar ta fito "inabi yana son ƙasa mai kyakkyawar magudanar ruwa". Wanda ya karanta haka lambatu zai je ya haƙa. A taimaka mana.

Malamin gona:
Wa alaikumus salam. Bature abu biyu ya haɗa a kalma ɗaya. Akwai hanyar da ake yi wa ruwa a bisa ƙasa ya fice daga fili, wannan magudana ce, babu gardama. Akwai kuma halin ita kanta ƙasar, wato saurin da ruwa yake ratsa ta ya sauka ƙasa ya bar wa iska gurbi. Na biyun ne damuwar inabi. Saiwa tana numfashi. Ƙwayoyin laka ƙanana ne ƙwarai, ƙofofin da ke tsakaninsu matsattsu, in ruwa ya cika su ya kwana biyu ko uku bai sauka ba, ƙananan saiwoyi su fara ruɓewa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ganyen yana yin yaushi kamar mai ƙishirwa, sai a ƙara ruwa, a ƙarasa kashe shi. In aka tono za a ga saiwar ta yi baƙi, tana wari, fatarta tana saɓulewa a hannu. Ni shawarata "shanyewa": ƙasa mai shanye ruwa.

Mai lambu a Kwalkwalawa:
Malam, ranka shi daɗe, shanyewa ba ta yi ba. Lakar hwadama in ta bushe ta tsattsage da bazara, zuba mata bokiti goma ta shanye su nan take ta cikin tsagar. Amma sai ta kumbura, tsagar ta rufe, ruwan shina nan ciki bai tahi ko'ina ba. To ta shanye, amma ba ta saki ba. Mu abin da muka cewa shi ne "wurin bai tsane ba". Bayan ambaliya ba a shiga hwadama da kalme sai ta tsane.

Malama mai koyar da Hausa:
Baba ya kawo ta. "Tsane" kalma ce da kowa ya sani: a wanke shinkafa a zuba a kwando ta tsane, ruwan ya fita amma danshi yana nan. Ba bushewa ba ce. Kuma tana juyuwa yadda ake so: tsanewar ƙasa, ƙasa mai saurin tsanewa, ƙasa marar tsanewa. "Shanyewa" kuma tana da wata matsalar, kunne yakan kai ta ga shanyewar jiki. "Zurarewa" da "tsiyaya" sun fi dacewa da abin da ke yoyo.

Malamin gona:
Na karɓa, Hajiya, tsanewa ta fi. To sai a sa "gwajin tsanewa" a takardar, domin shi ne matakin farko kafin a sayi dashe. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, faɗinsa ma haka. A cika shi da ruwa a bar shi ya sauka, wannan na jiƙa bango ne kawai, ba a ƙirga shi. Washegari a sake cikawa, a gitta sanda a bakin ramin, a riƙa auna tazarar da ke tsakanin sandar da fuskar ruwan kowace awa. In yana sauka santimita 2.5 zuwa 7 a awa, madalla. In bai kai 2.5 ba, tsanewar ta yi rauni. In aka dawo bayan kwana guda aka tarar da ruwa kwance, kada a dasa inabi a ramin nan ko da wane taki.

Mai renon dashe:
Ku ƙara da kuskuren da ya fi kashe dashe a laka, don masu yinsa gani suke gata suka yi masa. Mutum zai haƙa rami mai zurfi, ya kwashe lakar ya zubar, ya cika da yashi da taki mai laushi, wani har da tsakuwa a gindi. Ramin ya zama randa ke nan: ruwan sama da na ban-ruwa duk ya gangara cikin ƙasa mai laushin, bangon laka ya hana shi fita, saiwar tana zaune a ciki. Tsakuwar gindi ba ta buɗe wata hanya, tunda ƙarƙashinta ma laka ce. Haka zuba kwanon yashi biyu ko uku a cakuɗa da laka, ba ya sassauta ta, yakan ƙara mata tauri ne in ta bushe.

Abin yi shi ne a tashi sama maimakon a nutsa. A sassaƙe fili mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi da diga, zurfin santimita 30. A watsa ruɓaɓɓen taki, bokiti uku ko huɗu, a cakuɗa da ƙasar wurin gaba ɗaya, ba cikin ramin kaɗai ba. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona sabuwar saiwa, sai wanda ya ruɓe har ya daina zafi da wari. Sannan a tara tudu mai tsayin santimita 30 zuwa 40, samansa a baje. A tsakiyarsa za a yi ramin dashen, faɗinsa ninki biyu na ledar da dashen ya zo a ciki, zurfinsa daidai da ita. In shebur ya goge bangon ramin ya yi sulɓi, a karce shi, in ba haka ba saiwa sai ta yi ta zagaye a ciki. Kuma ba a taɓa laka tana jiƙe. A dunƙula ta a hannu: in ta yi ƙwallo mai sheƙi ta ƙi wargajewa, a jira.

Mai shirya takarda:
To shi wannan tudun "kunya" za mu rubuta?

Mai lambu a Kwalkwalawa:
In jeri za a dasa, kunya ta, mai hwaɗi, a bar mita biyu zuwa ukku tsakanin wanga da wancan. In guda na, a ce tudu. Kwarin da ke tsakanin kunyoyi kuma a ba shi gangare shi kai ruwa waje, nan ga magudanarku ta samu wurin zama.

Mai renon dashe:
Saura ranar dashen. A yanke ledar, kada a fizgo. Saiwar da ta nannaɗe a gindi a warware ta da yatsa. In mai aure ne, wato an haɗa reshen wani iri a kan gindin wani, gaɓar auren ta zauna santimita 5 zuwa 10 sama da ƙasa, in aka binne ta sai na saman ya fitar da tasa saiwar, amfanin auren ya tafi. A mayar da ƙasa a danna da tafin hannu, ba da diddige ba. A zuba ruwa bokiti guda a hankali. A datse reshen a bar ido biyu, wato inda toho ke fitowa, mutane suna jin ciwon wannan amma shi ke sa ƙarfin ya tafi ga saiwa. A kafa sanda tun ranar, in tohon ya fito a zaɓi mai ƙarfi a ɗaure shi sako-sako ya hau zuwa rumfa. A rufe tudun da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, amma a bar tazarar taƙi ɗaya daga jikin itacen saboda gara da ruɓa.

Lokaci kuma, a nan Sakkwato kada a dasa a laka cikin Agusta, sa'ad da ruwa ya fi yawa. Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ƙasa ta tsane, ga sanyi a gaba da saiwa za ta kama kafin zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ban-ruwa ba kullum ba. A tura yatsa cikin tudun, in akwai danshi a bari.

Wani mai karatu:
Ni fa har yanzu ina ganin a rubuta "direnej" a huta. Ko ma'aikatan gona haka suke faɗa. Sannan ina maganar jifsin, farin garin dutsen nan da ake barbaɗa wa ƙasa, an ce yana gyara laka?

Malamin gona:
Ɗan'uwa, direnej a bakin mutanen gari kwalbati da lambatun bakin titi ne, mun koma inda muka faro. Jifsin kuwa yana aiki ne a lakar da gishirin kanwa ya yi wa yawa, irin wadda in ka jefa dunƙulenta a kofin ruwa, ba tare da ka motsa ba, ruwan ya yi dulu-dulu. In dunƙulen ya farfashe amma ruwan ya zauna garau, kuɗinka kawai za ka kashe, taki da tudu sun ishe ka.

Mai shirya takarda:
Allah ya saka da alheri. An gyara jimlar: "Inabi yana son ƙasa mai saurin tsanewa. In filinka laka ne, yi gwajin tsanewa, ka dasa a kan tudu, ka yi wa ruwan sama magudana." Inda Turancin ya ce waterlogging kuma an sa "kwanciyar ruwa". Baba, a duba mana ko santimita 30 ta yi daidai da taƙi ɗaya da rabi, don a rubuta duka biyun.

Mai lambu a Kwalkwalawa:
Ga hannun babba ta yi. A rubuta haka nan.