Tambaya: da gaske ne duk mai suna O'Brien jinin sarautar Ailan ne?

Abban Walida, Gwammaja

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san tarihin ƙasar Ailan ya taimaka min, don magana ce ta aure.

Ƙanina likita ne a wani asibiti a garin Limerick. Ya ga yarinya a wurin aiki, nas ce, ta musulunta tun kafin su haɗu, kuma ya turo magana gida. Hajiya ba ta ƙi ba, amma kun san iyayenmu: tambayar farko ita ce 'yar wane gida ce, su waye kakanninta. Da a cikin gari ne, da Kawu ya sa hularsa bayan la'asar ya shiga unguwarsu, ya zauna da mai unguwa da limamin masallacinsu, kafin magariba ya dawo da labarin gidan har kaka na uku. To wannan fa, ina za a tura shi?

Abin da ke hannunmu shi ne sunan gidansu, O'Brien. Ƙanin nawa ya ce sunan wani babban sarki ne da ya taɓa mulkin ƙasar baki ɗaya, kuma duk mai sunan jininsa ne. Hajiya ta ji daɗin maganar, har ta fara faɗa wa ƙawayenta a Islamiyya. Ni kuma ba na son mu baza abin da ba mu tabbatar ba, ya zo ya zama abin kunya gare mu ko gare ta. Shin wane ne wannan sarkin? Kuma sunan kaɗai ya isa shaida?

Malam Habu, Ƙofar Na'isa

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa a yi da mu. Tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma wannan gidan yana cikin waɗanda nake son ba da labarinsu.

Ƙaninka bai yi ƙarya ba a kan sarkin. Sunansa Brian, ana masa laƙabi da Boru. An haife shi wajen 941 a bakin kogin Shannon, kusa da garin Killaloe, a yankin da yau ake kira Clare, maƙwabcin Limerick inda ƙaninka yake. Zuriyarsu, Dál gCais, ba ta cikin manyan gidajen sarautar ƙasar a lokacin. Mahaifinsa Cennétig ne ya fara ɗaga gidan, yayansa Mathgamain ya ƙwace sarautar Munster, wato kudancin ƙasar. Da aka kashe yayan a 976, Brian ya gaje shi, ya bi waɗanda suka yi kisan ya gama da su, sannan ya riƙa tura jiragen yaƙi ta kogin Shannon yana cin ƙasa. A 1002 babban sarkin lokacin, Máel Sechnaill, wanda gidansu ya shafe ɗaruruwan shekaru yana riƙe da wannan kujera, ya yi masa mubaya'a. A 1005 ya je Armagh, cibiyar addininsu, ya ajiye zinariya a majami'a, aka rubuta sunansa a littafin wurin da laƙabin sarkin sarakunan mutanen Ailan.

Don ka gane tsufan zancen: a lissafin Tarihin Kano, Bagauda ya fara sarauta a 999. Wato Brian da Bagauda zamaninsu ɗaya.

Ƙarshensa ya zo ranar Juma'a, 23 ga Afrilu 1014, a Clontarf, bakin teku kusa da Dablin. A lokacin ya haura saba'in, bai shiga filin daga ba, yana cikin tantinsa. Rundunarsa ta yi nasara, amma wani daga cikin abokan gaba da ke gudu ya faɗa tantin ya kashe shi. Babban ɗansa Murchad, wanda ya jagoranci yaƙin, shi ma ya mutu a ranar, haka ma ɗan Murchad ɗin, yaro matashi. Kaka da ɗa da jika a yini ɗaya. Aka kai gawar Brian Armagh aka binne.

Yanzu ga yadda sunan ya samu, kuma a nan ne ya kamata ka nutsu. A harshensu "Mac" ɗa ne, "Ua" kuma, wanda daga baya ya koma "Ó", jika ne. Ɗan Brian da ya gaje shi, Donnchad, "mac Briain" ake ce masa, kamar yadda za mu ce wane ɗan wane. Jikansa Toirdelbach, wanda ya rasu a 1086, shi ne "Ua Briain". Amma da aka zo kan tattaɓa-kunne, Muirchertach, wanda ya rasu a 1119, sai ba a sauya ba, aka ci gaba da ce masa Ua Briain. Daga nan abin ya daina zama bayanin wanda ya haife ka, ya zama sunan gida da ake gado. Wannan Muirchertach ɗin shi ne ya ba wa majami'a dutsen Cashel, tsohuwar fadar sarakunan Munster, a 1101, daidai zamanin da Sarki Gijimasu yake fara ganuwar Kano. Mu a nan mutum yakan ɗauki sunan mahaifinsa ko na garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari, kuma sunan yakan sauya bayan tsatso ɗaya ko biyu. Su kuwa nasu ya tsaya cak kusan shekara dubu. Suna cikin mutanen farko a Turai da suka fara wannan al'ada.

Bayan nan ƙarfinsu ya ragu, suka koma sarakunan Thomond, arewacin Munster. Duk da haka ba su faɗi da wuri ba. Domnall Mór, wanda ya rasu a 1194, shi ya kafa babbar majami'ar St Mary da ke Limerick, ƙaninka zai iya zuwa ya ga ginin da idonsa. A 1318 suka karya rundunar Richard de Clare, jagoran Turawan Ingila a yankin, a Dysert O'Dea, abin da ya hana su zama a wurin fiye da shekara ɗari biyu. Sai a 1543 Murrough O'Brien ya miƙa sarautarsa ga Sarki Henry na Takwas na Ingila, aka mayar masa da ƙasarsa da sabuwar sarautar Turawa ta Thomond da Inchiquin. Ba sai na yi wa Bakano dogon bayani a kan sarautar da ta koma ƙarƙashin takardar naɗi ba, mun ga namu a 1903.

To amsar tambayarka ta biyu: sunan ya nuna tushe, bai nuna matsayi ba. Rassa kaɗan ne suka riƙe sarauta da manyan gidaje irin fadar Dromoland da ke Clare. Sauran dubbai manoma ne da leburori kamar kowa. Ka ce wa Hajiya yarinyar daga tsohuwar zuriya take mai tarihi, wannan gaskiya ne. "'Yar sarki" kuwa, a bar shi sai an ga hujja.

Hajiya Maman Ihsan, Nassarawa

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni a St. Louis da ke Bompai na yi sakandare, kuma sistocin da suka kafa makarantar 'yan Ailan ne, tun 1948 suka zo Kano. Ina so in ƙara wani ɓangare da Malam bai taɓa ba, domin shi ne wanda na ga yana sa su hawaye.

Wata sista da ta koya mana lissafi ta taɓa tsayar da darasi ta ba mu labarin yunwar ƙasarsu. Daga 1845 cuta ta riƙa ruɓar da dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talakansu safe da dare. Cikin 'yan shekaru kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kusan miliyan ɗaya suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Yankin Clare yana cikin inda abin ya fi muni, masu gonaki suna rushe wa 'yan haya ɗakunansu saboda sun kasa biyan kuɗi. Ina tuna ta riƙe alli a hannu ba ta rubuta komai ba, ta ce kakarta ba ta taɓa yarda a zubar da ko ɓawon dankali ba. Mu da muka taso muna jin labarin yunwa a bakin kakanninmu, babu wadda ta yi motsi a ajin.

Abin da ya sa na kawo wannan, ɗana Abban Walida, shi ne yawancin masu wannan suna ta wannan hanyar suka biyo, ba ta fada ba. A zamanin mulkin Ingila da yawa sun yar da "O" ɗin suka koma Brien kawai, saboda suna mai kamar na 'yan ƙasa ba ya taimakon mai neman aiki. Sai bayan an kafa ƙungiyar farfaɗo da harshensu a 1893 mutane suka riƙa dawo da shi. Don haka in yarinyar nan tana alfahari da sunanta, kada ku ɗauka taƙama ce da sarauta. Suna ne da kakanninta suka sha wuya a kansa.

Kuma in kun ga takardarta an rubuta "Ní Bhriain", kada ku ce an sauya suna. Haka 'ya mace take rubuta shi da harshensu, namiji kuma "Ó Briain".

Ɗan Fagge a Dablin

Yaya Abban Walida, ni a can nake zaune, sai dai in zo gida hutun sallah. Duk abin da Malam da Hajiya suka faɗa haka yake. O'Brien suna ne gama-gari, direban bas da mai gyaran famfo da lauya duk za ka samu. A ƙididdigar haihuwa ta 1890 shi ne na shida a yawa, Murphy da Kelly ne a sama.

In asali kuke so na gaske, ku tambayi yarinyar abu uku: sunan kakanta, ƙauyensu, da cocin da aka yi masa rajista. Da waɗannan za a iya bincike a intanet kyauta. Ƙidayar 1901 da ta 1911 duk suna nan, gida-gida, da sunan kowa da shekarunsa da sana'arsa da addininsa, har da yawan ɗakuna da tagogin gidan. Rajistar haihuwa ta gwamnati ga kowa da kowa ta fara a 1864, littattafan cocin Katolika kuma babban ɗakin karatun ƙasar ya ɗora hotunansu. In an wuce nan hanya takan toshe, domin ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Dablin ta ƙone a yaƙin basasar 1922, tsofaffin ƙidayoyi suka tafi. Shi ya sa da wuya talaka ya iya jero kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har zuwa Brian.

Gargaɗi ɗaya: akwai shaguna masu sayar da takarda mai hoton zakuna uku, wai tambarin gidan O'Brien. Kowa zai iya saya, ba shaidar komai ba ce. Shawarata, wani babba ya shirya ya zo ya gaisa da iyayenta. Mutane ne masu son baƙo da hira, kuma suna girmama wanda ya tako ya zo. In an tashi a yi min magana, daga Dablin zuwa Limerick tafiyar awa biyu ce da ɗan wani abu a jirgin ƙasa, zan raka.

Abban Walida, Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tambaya, ta ce kakanta manomi ne a Clare, mai kiwon shanu. Malam, wata tambayar: ƙanina ya ce Brian ne ya kori Turawan arewa masu fashin teku daga ƙasar. Haka ne?

Malam Habu, Ƙofar Na'isa

Haka aka daɗe ana koya wa yaransu, amma zancen ya fi haka faɗi. Waɗannan mutane da ake kira Viking sun riga sun zauna a ƙasar kusan shekara ɗari biyu kafin Clontarf, su suka kafa Dablin da Limerick, sun yi auratayya da 'yan ƙasa. Babban abokin gabar Brian a ranar shi ne Máel Mórda, sarkin Leinster da ke gabashin ƙasar, ɗan ƙasa kamarsa, wanda ya haɗa kai da Sitric sarkin Dablin suka gayyato mayaƙa daga tsibiran Orkney da Man. Shi Sitric ɗin kuma surukin Brian ne, 'yarsa yake aure, sannan mahaifiyar Sitric, Gormlaith, 'yar'uwar Máel Mórda ce kuma ta taɓa auren Brian. Ka ga rikicin mulki ne tsakanin surukai. Labarin korar baƙi ya samo ƙarfi ne daga wani littafi da aka rubuta kusan shekara ɗari bayan yaƙin, a zamanin da zuriyarsa ke kan mulki, don ɗaukaka kakansu. Sitric kuwa ya ci gaba da sarautar Dablin har 1036.